Monitan da Na Rungumo daga Limanti

Tun da na dawo daga Maiduguri ƙawayena ba su bar ni na huta ba. Wadda ta zo gida sai ta ce, "Bilki, ya garin yake? Kin ji ƙarar bindiga?" Wata kuma turaren wuta kawai take tambaya, ko na zo mata da shi. Waɗanda suka leƙo wurin aikinmu kuwa tambayarsu ɗaya ce: mene ne wancan abin da ke saman kabad naɗe da farin yadi, wanda ba na yarda kowa ya ɗora masa ko da takarda? Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, shi ya sa na zauna in rubuta shi tun daga farko.

Ga wadda ba ta san aikina ba, ƙaramin kamfani ne a Kano. Muna karɓar matattun kwamfutoci daga bankuna da makarantu da shaguna. Ba ma jefarwa a bola, ba ma kuma cinna musu wuta kamar yadda masu neman tagulla suke yi a bayan kasuwa. Kwancewa muke yi, tagulla gefe, roba gefe. Batir da gilashi, da yake su ne masu guba, a ɗaure su a tura Legas inda ake da injin sarrafa su. Nawa aikin shi ne cire faifan ajiya, wato ɗan ƙarfen da ke riƙe duk abin da aka taɓa rubutawa a na'urar, in huda shi a gaban mai kaya don kada sirrinsa ya fita.

Wani ɗan kasuwa ne ɗan ƙabilar Ibo, Oga Chidi, mai shagon kayan kwamfuta a Maiduguri, ya nemi maigidanmu Injiniya. Ya ce masu shaguna sun tara matattun na'urori sun rasa yadda za su yi da su. A Kano in kwamfuta ta mutu, damuwar mutum ita ce ina zai jefar. A can kuwa, a shekarun nan na tashin hankali, ba ka isa ka jefar ko'ina ba. Aka ga akwati mai wayoyi a bakin bola, unguwa gaba ɗaya za ta watse, a kira masu kwance bam, mai akwatin kuma ya shiga uku.

Abokin aikina namiji aka fara zaɓa, mahaifiyarsa ta ce ba da yawunta ba. Ni na ɗaga hannu. Babanmu ya amince ne kawai saboda ƙanwarsa, Goggo Asabe, tana aure a Bulumkutu. Amma ni abin da ke raina daban ne. A littattafan da nake haya tun ina 'yar sakandare, duk jarumin da ya cika jarumi sai ka ji an ce kakarsa Shuwa ce, duk amaryar da ta isa kuma daga Barno ake ɗauko mata mai gyaran jiki. Barno a wurina gari ne da aka gina da ƙamshi. Na sa lalle, na sayi takalmi mai tsini, na kuma riga na ga wani dogon saurayi mai hular zanna yana tsaye a bakin tasha, yana tambayar sunana da murya ƙasa-ƙasa.

Da asuba muka tashi a motar ɗaukar kaya, ni da direbanmu Malam Sabo, dattijo mai cin goro da ƙarancin magana. Har Azare ina ta zuba, yana ce mini "uhm." A Potiskum muka ci shinkafa da wake a wata rumfa, mai abincin da ta ji inda za mu sai ta ƙara mini nama ta ce, "Allah ya kai ku, ya dawo da ku." A Damaturu muka yada zango tun rana na sama, don hanyar gaba ana rufe ta da yamma. Wata mai tuwo da Malam Sabo ya sani ta ba ni tabarma a ɗakin 'ya'yanta. Da safe kafin mu shiga jerin motoci ya tofar da goronsa ya yi mini magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa.

"'Yar nan, daga nan waya a jaka. Kar ki nuna komai da yatsa. Kika ga abin da ya ba ki tsoro, ki yi salati a ciki, kar ki ce wayyo."

Ban ce wayyo ba. Na ga garuruwan da babu rufi ko ɗaya, na ga mai shayi ya kafa teburinsa a jikin rabin bango, yana zuba wa direbobi kamar ba komai. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lambobin waya da aka rubuta da gawayi a jikin wasu gidaje. Na tambayi Malam Sabo a hankali. Ya ce masu gidan ne da suka gudu suke barin lamba, ko da wani nasu da ya ɓace zai dawo ya tarar ba kowa.

A ƙofar shiga Maiduguri kowa sauka yake yi. Mota ta wuce a hankali, mutane su bi a ƙafa, hannu a sama, a bar tazara tsakanin mutum da mutum. Nan tsinin takalmina ya shige wani rami ya karye. Na ƙarasa ina ɗingishi, hannu a sama, kunya kamar in nutse. Wani soja ya zazzage jakata, sukundirebobina suka zubo, littattafaina suka biyo baya. Ya ɗaga sukundireba ya dube ni, na miƙa masa takardar kamfani. Wani ɗan sa-kai mai gora da ke gefensa ya ɗauki littafi ɗaya ya juya bangonsa.

"Hajiya, soyayya kika kawo mana?" Ya mayar mini cikin jaka. "Ki wuce da ita. Wallahi garin na buƙata."

Gidan Goggo a Bulumkutu ɗaki uku ne, amma mutanen da ke ciki sun isa cika gida biyar. Dangin mijinta ne da suka baro ƙauyukansu. Aka tarbe ni da "wushe, wushe" da "lale," gaisuwar da ba ta ƙarewa, sai kin zaci an gama a sake ɗauko ta daga farko. Aka kawo burabusko da miyar busasshiyar kuɓewa, da sinasir, da shayi mai kauri a ƙaramin kofi. Ƙamshin da na yi mafarki kuwa na same shi. Mu a Kano turaren wuta na baƙo ne da maigida. Su kamar shara ne, kullum sai an yi, ko macen da ta tsere da zani ɗaya sai ta nemi kasko ta turara kusurwar da take kwana. Mata da lafaya suke zuwa ko sayen barkono. Babu babur a titi, sai keke napep. Ba wanda yake kiran mutanen daji da suna, sai dai a ce "yaran nan." Ranar farko tayar wata mota ta fashe a bakin titi, hira ta tsaya cak, kowa ya kasa kunne, can Goggo ta ce, "Taya ce," aka ci gaba daga inda aka tsaya.

Oga Chidi gajere ne mai fara'a, Hausarsa da karin Barebari take fita. Ya tura iyalinsa gida, shi ya zauna. Ya zaga da mu shago-shago, ina cire faifai ina hudawa, Malam Sabo na lodi. Masu shagunan har addu'a suke yi mana, kamar mun ɗauke musu maciji daga ɗaki. Da muka kusa gamawa Oga Chidi ya share gumi ya ce saura mutum ɗaya.

"Goni Bukar, a Limanti. Shagon buga littattafai gare shi, addu'o'i, surori na 'yan Islamiyya, katin biki. Shagon ya rufe, ya kwashe injinan ya kai gida. Baban nan na yi masa magana har bakina ya bushe. Ke 'yarsa ce a addini, ƙila ya ji naki."

Da hantsin Alhamis na je. Goni yana masallaci, sai matar ɗansa ta ja ni ɗakinta. Sunanta Falmata, ba za ta girme ni ba, siririya, da ƙaramin ciki. Ta kawo ruwa, muka gaisa, ta leƙa tsakar gida, sannan ta saki labule.

"'Yar'uwa, ke ce ta Kano mai kwashe kwamfuta?"

Na ce ni ce.

"Don Allah kar ki tafi ki bar su. Baba binne su zai yi. Ya ce ayoyin Allah sun zauna a cikinsu, ba za su je bola ba, ba kuma za a sa musu guduma ba. Ya ce nan gidan ƙasar ba ta da tsarki, ga kwata ga makewayi, mutane na takawa. Sai gonarsa ta wajen Zabarmari, akwai tudu ƙarƙashin wata tsamiya. Shi ƙafarsa ba ta kai shi. Maigidana zai aika."

Ban gane nan da nan ba. Na ce ai binnewa ba kyau, akwai guba.

Ta dube ni kamar yadda ake duban yaro. "Guba? Ki tsaya ki gani da idonki. Saurayi, a keke napep, da akwatuna masu wayoyi da batir, a naɗe, ga shebur. Zai wuce shingen sojoji, ya fita bayan gari, ya durƙusa yana haƙa rami. Wa zai tsaya ya tambaye shi? In na gari ba su harbe shi ba, na daji suna nan."

Na ce shi Modun, don haka ta ce sunansa da na tambaya, bai faɗa wa mahaifinsa ba?

"Ya faɗa sau ɗaya. Baba ya ce Allah ne mai tsarewa. Shi kuma ba ya maimaita wa Baba magana." Ta sunkuya ta ɗaga gefen zanin gado. A ƙarƙashi, bayan akwatunan aurenta, ga shebur da diga a kwance. "Tun kafin azumi suke nan. An nema an nema, aka ce ɓarayi. Yanzu Baba ya ce jibi Asabar za a aro na maƙabarta. Waɗannan kuwa ba ni da ikon ɓoye su."

A littattafai na karanta labarin mata masu shan guba saboda masoyi, da masu tsallake katanga, da masu rubuta wasiƙa da hawaye. Ban taɓa karanta wadda take kwana a kan shebur ba. Da Modu ya shigo kiran mu, dogo mai sunkuyar da kai, ko kallon juna ba su yi ba. Ya ce, "Baba ya dawo." Ta ce, "To."

Goni Bukar yana zaune a zaure a kan buzu, farin tsoho mai tsagar Barebari, carbi a hannu. A bayansa ga na'urorin an jera su a kan benci, ba a ƙasa ba, an lulluɓe. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da sakin fuska, ya tambayi iyayena da hanya. Na fara jawabin da na shirya tun a keke, mai daɗin kalmomi. Ya bar ni na kai ƙarshe.

"'Yata, a Kano in takarda ta tsufa da ayar Allah a jikinta, me kuke yi da ita?"

"Ana binnewa a wuri mai tsarki, Baba."

"To."

Na bar daɗin baki na faɗa masa abin da na sani. Na ce takarda in ta shiga ƙasa ƙasa take zama, wannan kuwa ba ya ruɓewa. Gilashin akwai dalma a jikinsa, batir akwai ruwan guba. Damina in ta zo za su jiƙe su tsatsa, ruwa ya ja su gangare, gangaren kuma shinkafa ce.

Carbinsa ya tsaya. "Wannan ban sani ba. Chidi bai faɗa mini haka ba, shi dai sojoji, sojoji. Ba na so in girmama aya in cuci mai cin tuwo."

Na nemi izini, na ɗauko akwati ɗaya, na kwance shi a gabansa. Na zaro faifan na miƙa masa da hannu biyu. Na ce duk abin da aka taɓa bugawa a nan yake, sauran ƙarfe ne da roba, kamar kantar da ake ɗora littafi. Ya juya shi a tafin hannunsa, ya gwada nauyinsa.

"Kamar laya," ya ce. "In na riƙe wannan, ayar ba ta bi ku ba?"

"Ba ta bi mu ba, Baba. Kuma ba zan huda shi ba, naka ne."

Ya ce a cire dukkansu a sa masa a adakar da yake ajiye tsofaffin littattafan mahaifinsa, sauran mu ɗauka. Na ji motsi a bayan ƙyauren cikin gida, na san Falmata ce. Zuciyata ta yi fari, har na fara tsara yadda zan ba ku labarin.

Sai ya ce, "Modu, ɗauko na yayanka."

Modu ya shiga ya fito rungume da wani abu a farin yadi sabo, yana ƙamshin turare. Ya ɗora a kan benci ya kwance. Monita ne, wato allon kwamfuta, irin na da, mai ƙaton ƙeya. Goni ya ce a juya shi wajen hasken ƙofa, ya ce in matso.

Ba a haɗe yake da wuta ba, wayarsa ma a naɗe take. Amma a saman gilashin, dishi-dishi kamar inuwa, ga Bismillah a rubuce, cikakkiya, harafi bayan harafi. Na san abin da ke jawo haka. Irin waɗannan tsofaffin, in rubutu ɗaya ya shekara da shekaru a wuri ɗaya, sai ya ƙone ya zauna a jikin gilashin. Sanin bai hana tsikar jikina tashi ba.

"Wannan kuma," in ji Goni, "a wane faifai yake?"

Na sake duban gilashin. Kuma wannan shi ne mafi dalma a cikin kayan duka, shi ne kuma wanda a ƙa'idar aikinmu sai an fasa.

"Na Mala ne, babban ɗana. Shi ya kawo injinan nan shagon, ni da hannu na saba rubutu. Kowane shafi da ita yake buɗewa, in ya tashi salla ma a kunne yake bari. Wata rana ya fita kai wa wani aikinsa a ƙetaren gari, gari ya rikice. Mun je asibiti, mun je ɗakin ajiye gawa, mun je duk inda aka ce a je." Ya shafa gefen yadin. "Shi ban samu na rufe shi ba. Wannan dai zan rufe. Guda ɗaya ne, zan sa a naɗe shi da leda saboda shinkafar mutane. Modu zai kai ranar Asabar."

Sai a lokacin na lura da yadin sosai, na gane irin wanda ake saya ne in an yi rashi. Modu yana tsaye, kansa a ƙasa.

Abin da ya fito daga bakina ban shirya shi ba. A duk littattafan da na girma da su, wanda ya ɓace ba ya mutuwa. Yana can wani gari, ya manta kansa ko an tsare shi, a babin ƙarshe sai a ji sallamarsa a zaure. Na san duniya ba haka take ba, na ga bangayen hanya da idona. Amma zuciyata a nan ta yi karatu.

"Baba, idan ya dawo ya tambayi monitansa fa?"

Modu ya ɗago kai da sauri. Na ji kamar in kamo maganar in mayar. Goni ya zuba mini ido, idon tsoho mai ruwa-ruwa, har na sunkuyar da nawa.

"Ke kina ganin zai dawo?"

"Ban sani ba, Baba. Amma kai ma ba ka sani ba. Ba a kawo maka shi ba."

Ya ja carbi, ya ja, ya ja. Wani keke ya wuce a waje. Can ya ce, da murya wadda ba da ni yake ba, "Tun da abin ya faru kowa haƙuri yake ba ni. Ba wanda ya ce in jira." Ya goge fuska da gefen rawaninsa. "Amma a garin nan abin da ke bisa ƙasa ba shi da tabbas. Yau wuta, gobe bincike gida-gida. In suka shigo suka ga wannan a naɗe, da gindin bindiga za su buɗe shi. Shi ya sa na ce ƙasa."

"Ka ba ni shi amana," na ce. "In kai shi Kano in ajiye. Ba za a fasa ba."

"Maigidanki na wurin aiki zai yarda?"

"In bai yarda ba ɗakina zan kai."

Ya sa mini sharaɗi. Kada ya taɓa ƙasa, kada a ɗora masa komai, kada guduma ta kusance shi. Na ce na ɗauka. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a doguwa, rabi Larabci rabi Barbarci, muka shafa. Da na shiga yi wa Falmata sallama sai ta riƙe hannuna ta matse har zobena ya shige mini yatsa, ta cusa mini kwalbar humra a jaka.

Malam Sabo da ya ga na fito da monitan a rungume sai da goro ya kusa sarƙe shi.

"Mace, da hijabi, da ƙunshi a farin ƙyalle? A hanyar nan? 'Yar nan, kin san abin da kike yi kuwa?"

Na ce a baya kaya za su danne shi. Ya yi ta girgiza kai har muka bar Bulumkutu ranar Asabar, monita a cinyata, da nauyi kamar yaron goye.

A shingen fita gari muka sauka, na bar shi a kan kujera. Muna da takardun kayan, aka hau baya aka duba, komai lafiya. Sai wani soja ya leƙa gaban mota. Na ga ya ja da baya, ya daka tsawa, nan da nan aka kori mutane nesa. Aka ce mai ƙunshin ta zo ta ɗauka da kanta, ta kai can fili ta buɗe. Malam Sabo yana ta cewa talabijin ce, ba mai jin sa.

Na ɗauka na taka zuwa filin. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Da na juyo, bakin bindigogi na kallona.

"Ajiye a ƙasa! Ajiye!"

Na tsaya. Na tuna kwana biyu kacal ke nan da na ce wa tsoho na ɗauka. Aka sake tsawa, wannan karon na ji ƙarar ƙarfe. Sai na durƙusa a hankali, na zauna dirshan a kan tsakuwa, na miƙe ƙafafuna, na ɗora shi a cinya. Na kwance yadin da yatsu biyu, na juya gilashin wajensu, na ɗaga hannuwana sama.

Wani ɗan sa-kai ne ya fara matsowa, yana takawa kamar mai tsoron taka ƙaya. Ya leƙa bayan monitan, ya taɓa wayar da gorarsa, sannan ya sunkuya ya dubi gilashin. Na ga leɓensa na motsi, yana karantawa. Ya miƙe ya yi wa sojan bayani. Sojan ya zo da kansa ya duba, ya sauke bindigarsa, ya yi ajiyar zuciya mai ƙarfi. Da gurguwar Hausarsa ya ce, "Madam, kin kusa kashe kanki, kin kusa sa ni zunubi. Me ya sa ba ki ajiye ba?"

Na ce amana ce, an ce kada ya taɓa ƙasa. Ya dube ni, ya dubi gilashin, ya ce in tashi. Shi ya karɓi monitan da hannu biyu ya kai mota ya ɗora a kan kujera, Malam Sabo ya miƙo mini gefen rawaninsa na kama na miƙe.

Har Damaturu ina ta juya abin a raina. Ni ina da takarda, ina da direba mai yi mini shaida, da rana tsaka, a gaban jama'a, ga abin da ya kusa faruwa. A ranar, a daidai wannan lokacin, Modu ya kamata ya kasance shi kaɗai a bayan gari da shebur ɗin maƙabarta.

Injiniya ya saurari labarin duka. Ya ce gilashin da ba a fasa ba ba ya cutar da kowa, ya sa aka share saman kabad. Sauran kayan mun kwance su yadda muka saba, tagullar Limanti ta bi 'yan'uwanta, batir sun tafi Legas. Dogon saurayi mai hular zanna kuwa, masu tambaya, ban gan shi ba. Humrar ma ba zan raba ba, kowa ta yi haƙuri.

Bayan sati Falmata ta kira ni. Ta ce Baba na tambaya, ya taɓa ƙasa? Na ce bai taɓa ba. Ta isar, na ji muryarsa daga nesa yana cewa alhamdulillahi. Sannan ta rage murya, tana dariya tana kamar za ta yi kuka.

"Kin san me ya ce mini jiya? Ina kai masa shayi ya ce, 'Falmata, shebur ɗin nan da ɓarayi suka ɗauka, in ya gama hutawa a ƙarƙashin gadonki a fito da shi. Damina ta kusa, kwata na son yasa.'"

Na ce shi maigidan fa, me ya ce da ya ji?

"Bai ce komai ba. Ya fita, ya dawo da gasasshen kifi ya ajiye mini a bakin ƙofa."

Kafin ta kashe ta ce saura saƙo ɗaya, Baba ya ce a nemi yafiyata don bai tambaye ni ba tukuna. Ya sa Modu ya je tsohon shagon, ya rubuta lambar wayata da gawayi a jikin ƙofa, a ƙasa ya rubuta cewa monitan yana Kano.

To, ƙawayena da kuke mita wai na daina kashe waya ko a wurin biki, kuma kowace baƙuwar lamba sai na ɗauka tun kafin ta yi ƙara ta biyu, dalilin ke nan.